Igiyoyin Ɗakin Orfelina

Ni na riƙe Yasna a hannu ranar da aka yi mata baftisma, saboda haka ba a bakin wani na ji wannan labari ba. Bangon katako ɗaya ne ya raba gidana da na uwarta Orfelina, a kan tudun unguwarmu da ke kallon teku a garin Ancud, irin bangon da in ta yi atishawa ni ke ce mata lafiya. Shekara arba'in da ɗaya muna kiran juna komadre, sunan da uwar yaro da uwar baftismarsa ke kiran juna a wurinmu. Sunana Zunilda, kuma mutanen unguwa sun ce bakina ba ya shiru. Gaskiyarsu ne, amma a wannan magana na yi shiru a wurin da bai kamata ba, na kuma yi magana a wurin da ta yi ɓarna.

Ruwan bara ya sauka tun tsakiyar Mayu, farkon lokacin sanyinmu, ya ƙi ɗaukewa. Shanyar kowa ta koma cikin gida, a kan wayoyin da ke saman murhun ƙarfe a kicin, kamar yadda muka tashi muka tarar iyayenmu suna yi. Kaya su bushe, su kwashi ƙaurin itace da na soyayyen kifi, ka saka abinka ka fita. Wa zai yi wa wani dariya? Wanda ke kusa da kai a mota ma ƙaurin yake yi.

A wannan shekarar ne Yasna ta samu aiki a wani otal na bakin ruwa, ita ke karɓar baƙi a tebur na gaba, aka ba ta fararen riguna biyar. Ba ta yi sati biyu ba shugabarsu, wata mata 'yar babban birni Santiago, ta wuce ta bayanta, ta ja hanci, ta tambaya a gaban ma'aikata ko akwai abin da ke ƙonewa. Ma'aikata suka kwashe da dariya. Yasna ta dawo gida fuska a murtuke, ta sa mijinta Nibaldo ya kwance wayoyin saman murhu, ya kafa igiyoyi huɗu a ɗakin uwarta.

Gidan ɗaki biyu ne da kicin. Babban ɗakin, wanda bututun murhu ya bi ta jikin bangonsa, Orfelina ta bar wa Yasna da mijinta da 'yarsu tun da suka tare a wurinta. Ita ta koma ƙaramin na baya, mai fuskantar arewa, inda iska ke watso ruwa a taga. Tsawonsa taku huɗu ne, faɗinsa uku. A nan aka kafa igiyoyin, biyu daga cikinsu sun ratsa ta saman gadonta. Kuma aka kafa doka cewa ƙofar ɗakin za ta zauna a rufe safe da yamma, don kada hayaƙin kicin ya shiga ya taɓa kayan. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa ƙofar da ta tare hayaƙi za ta tare ɗumi ma.

Da dariya Orfelina ta fara ba ni labarin. Muna zaune a bencin bayan murhuna muna shan shayin ganyen mate, ƙoƙon yana zagayawa tsakaninmu, ta ce yanzu ta samu abokan kwana, wandon Nibaldo yana gefen ƙafarta, rigunan otal suna gadinta ta sama. Na ce mata wannan ba abin dariya ba ne, mace mai shekara saba'in da shida ba ta kwana da jiƙaƙƙun kaya. Ta ce ai na wata uku ne kawai, da Satumba ta yi Yasna za ta sayi injin busar da kaya, ta yi mata alkawari.

Kwana goma bayan nan na shiga na gani da idona. Ina tura ƙofar wari ya tare ni, irin na tsumman da aka manta a cikin bokiti. Ruwa yana gangarowa a jikin gilashin taga. Na taɓa bargonta, na ji shi da sanyi da nauyi. An jera jaridu da roba biyu a ƙasa don tarar ɗigon da ke sauka daga kayan aikin Nibaldo, domin a gonar kifi yake aiki, kayansa masu kauri ne, sai su kwana huɗu suna zuba. Kafin su bushe an kawo wasu. A kusurwar da ke bayan kan gado bangon ya fara baƙi.

Ita ba jikinta ne ya dame ta ba, akwatinta ne. Ta sa na taya ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, muka ɗora shi a kan bulo biyu don kada danshin ƙasa ya kama shi. Na san abin da ke ciki. Shuɗiyar riga ce mai dogon hannu, da farin mayafin ulu wanda ita ta kaɗa zarensa daga gashin tumakin ƙanenta, ta saƙa shi cikin shekara guda. Kayan da za a binne ta da su ke nan. Duk Janairu, lokacin zafinmu, takan fito da su ta shanya a rana, ta ninke, ta mayar. Tun ranar da ta gama saƙar ta ce mini ni zan saka mata su, ba ta yarda da hannun kowa ba.

Tarin ya fara a ƙarshen Yuni. Ta bango nake jin sa, da farko busasshe, daga baya ya yi nauyi, ya riƙa fitowa daga can ƙasan ƙirji. Na tari Yasna a bakin ƙofa wata safiya tana shirin fita, fes da ita cikin farar riga, ba ƙaurin komai sai turare. Ta saurare ni tana duba agogon hannunta.

"Madrina, ke ba ki san aikin otal ba," in ji ta. Haka take kirana, wato uwar baftismarta. "Mutum ɗari ke jiran kujerar nan. In aka sallame ni, ke za ki ciyar da Mama?"

Na ce ta kawo kayan gidana in shanya mata. Ta ce ai gidana ya fi nasu hayaƙi. Na ce to a bar ƙofar ɗakin a buɗe ko da na rabin yini ne. Ta ce in an buɗe, mene ne amfanin shanyar a can? Ta ƙara da cewa tarin tsufa ne, kowane tsoho a Ancud tari yake a Yuli, kuma ita Mama ba ta taɓa yi mata ƙorafi ba. Wannan kam gaskiya ta faɗa, Orfelina ba ta taɓa yi ba.

Na gwada Nibaldo. Mutum ne mai sanyin murya wanda kowa ke cewa ba ruwansa, kuma na lura irinsu sun fi masu faɗa ɓarna, don ba ka samun inda za ka kama su. Yana faskare a bayan gida ya ce mini shi ba ya shiga maganar mata, an ce ya kafa ƙusa ya kafa. Ya ce kakarsa a tsibirinsu ta yi shekara casa'in a ɗakin da ke yoyo, tsofaffin da ai ƙarfe ne. Ya ci gaba da faskarensa.

Tsakiyar Yuli Orfelina ta daina iya hawa tudu ba tare da ta tsaya sau uku ba. Na riƙe hannunta na kai ta asibitin unguwa. Nas ɗin da ke duba tsofaffi, Griselda sunanta, ta ɗora abin sauraro a bayanta, ta daɗe tana ji, sannan ta kama gefen mayafin da ke kafaɗarta ta sansana. Ta tambaya ko akwai danshi a inda take kwana. Orfelina ta ce ɗakinta a bushe yake ƙamas, 'yarta tana kula da ita kamar ƙwai. Ni kuwa na buɗe baki na zayyana komai, igiyoyi da ƙofa da baƙin bango. Griselda ta rubuta magani, ta ce ranar Alhamis za ta zo gidan da kanta. In ta tarar da abin kamar yadda na faɗa, za ta kai rahoto ofishin da ke kula da tsofaffi, a kira 'yar a tilasta mata gyara.

A hanyar komawa ni da Orfelina muka kai wajen coci. Nan ta tsaya tana haki, ta ce na tona wa 'yarta asiri a gaban bare. Na ce asirin da zai kashe ki ba asiri ba ne.

"Komadre, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," ta ce. "Ita kaɗai gare ni."

Ita da kanta ta faɗa wa Yasna cewa nas za ta zo, na san wannan daga baya.

Ranar Laraba da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofata. Yasna ce, da babban baho cike da jiƙaƙƙun kaya a kwankwasonta, da faranti a ɗaya hannun, ta soya mini milkao, wainar dankalin nan da na koya mata tun tana ƙarama. Idonta ya yi ja. Ta ce ta kwana biyu tana tunani, ta ga ba ta kyauta ba, uwa ɗaya ce ba a sayen ta a kanti. Ta ce Nibaldo ya riga ya kwance igiyoyin, daga yau ko ƙauri ne a yi ta ƙauri. Ta roƙe ni in shanya mata waɗannan a saman murhuna kafin ya mayar da wayoyinsu.

Ba na jin kunyar faɗar haka, kuka na yi. Na rungume ta na ce ai na san 'yar da na riƙe gaban bagadi ba za ta lalace ba. Na shanya kayan, na cika wayoyina har da bayan kujeru. Na ɗauki bokiti da ruwan bilic na bi ta, mu biyu muka durƙusa muka goge baƙin bangon nan tas. Na kawo busassun barguna biyu daga gidana, na kawo ƙaramar hitar lantarki da ɗana ya aiko mini, muka kunna, muka bar ƙofa a buɗe. Orfelina tana zaune a bakin gado tana kallonmu, fuskarta kamar ta yarinyar da aka yi wa sabon takalmi. Ta dube ni ta ce, ba na faɗa miki ba?

Griselda ta zo ranar Alhamis da hantsi. Ta tarar da ɗaki mai ɗumi, bango fes, gado a bushe, Yasna ta ɗauki hutun rabin yini tana ba uwarta romon kaza a cokali. Nas ɗin ta waiwayo ta dube ni, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ba ta da aikin yi sai sa ido. Maimakon in nuna mata ramukan ƙusa a bango, sai na ce mata ai an gyara, yarinyar ta gane kuskurenta, ba sai an kai magana gaba ba. Da bakina na faɗi haka. Griselda ta rufe littafinta, ta yaba wa Yasna, ta tafi.

Ranar Juma'a Yasna ta zo ta kwashe busassun kayan, ta dawo mini da hita, ta ce tana cin wuta da yawa. A lokacin da take ninke kayan ne na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun Laraba. Akwai kayan aikin Nibaldo, akwai zanen gado, da tawul, da safa, amma ko farar riga ɗaya babu. Rigunan otal ba su taɓa shigowa gidana ba. A cikin leda ta ɓoye su, a jiƙe, har nas ta zo ta tafi.

Ranar Asabar da safe ina fere dankali na ji guduma ta bango.

Na shiga da wuƙar a hannuna, ban ma san ban ajiye ta ba. Nibaldo yana kan kujera da ƙusoshi a baki, yana mayar da su cikin ramukansu na da. Yasna tana miƙa masa igiya. Orfelina tana kwance a ƙarƙashinsu, ta ja bargo har haɓa, idonta a buɗe. Na tambayi Yasna ina tuban da ta zo ta yi a gidana da hawaye.

"Madrina, kada ki ɗaga murya, Mama ba ta da lafiya. Nas ta gani ta ce komai daidai ne, ke ma kin shaida. Sati shida ya rage Satumba."

Na ce ashe amfani ta yi da ni, da wayoyina da bargunana da bakina. Ta ce ita ba ta roƙe ni in ce wa nas komai ba. Nibaldo ya cire ƙusa daga baki ya ce in matsa kaɗan, ina tare masa haske. A duk rayuwata ba a taɓa cin amanata da irin wannan ladabi ba.

Da suka fita suka ja ƙofa, na zauna a bakin gadon. Orfelina ta dubi rigunan da ke lilo a samanta.

"Na ɗauka da gaske take, komadre."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan 'yarta, kuma ba ta sake ba.

Ranar Litinin na koma asibiti. Griselda ta ce ta je ta gani da idonta, ni ma na ba da shaida, tsofaffi sittin ne a hannunta, zagayen unguwarmu sai wata mai zuwa. Ban ga laifinta ba, ni na rufe ƙofar da hannuna. Na dawo na roƙi Orfelina ta komo gidana, ga gadon ɗana ba kowa a kai, ga murhu. Ta ce in ta fita daga gidanta ta koma maƙwabta, me mutane za su ce da Yasna? A otal ma sai an ji. Ta ce in bari ruwa ya tsagaita.

Ruwa bai tsagaita ba. Farkon Agusta ta daina fitowa bencin bayan murhu, ƙafafunta ba sa ɗaukar ta. Daga nan yini da kwana duk a ɗakin take. Ina jiran su fita aiki in shiga in buɗe ƙofar, in hura wuta, in kawo mata romo. Da yamma Yasna ta dawo ta sansana rigunan, ta gane, ta ce wa uwarta tana so a kore ta daga aiki ke nan. Washegari Orfelina da kanta ta roƙe ni in rufe. Baƙin bangon ya dawo ya wuce inda yake da, ya hau har silin. Bargunan da na kawo suka yi nauyi kamar nata.

Ranar sha huɗu ga wata na shiga da rana na tarar leɓunanta sun yi shuɗi, tana kiran sunan mijinta da ya rasu shekara ashirin. Na kira motar asibiti. Masu ɗaukar ta sai da suka sunkuya suna ture jiƙaƙƙun kaya da kafaɗa kafin su kai ga gadon, ɗaya daga cikinsu ya dube ni. Likita ya ce sanyi ya cinye huhun duka biyu. Kwana huɗu ta yi, a rana ta biyar da hantsi rai ya yi halinsa. Yasna ta yi kuka a farfajiyar asibiti har sai da aka riƙe ta, kuma ban ce kukan ƙarya ba ne. Mutum yana iya son uwarsa ya kuma fi son rigarsa.

Da yamma muka shiga ɗakin ni da Yasna don ɗauko kayan da na yi alkawarin saka wa komadre. Muka jawo akwatin daga kan bulo. Murfin ya kumbura, sai da Nibaldo ya sa bakin guduma ya ɓalle shi. Fumfuna ta rufe komai, kore da baƙi. Shuɗiyar rigar ta manne da jikin katako. Na sa hannu biyu na ɗago mayafin a hankali, ya rabe a hannuna, rabi ya zauna a cikin akwatin. Ina durƙushe a wurin wani abu mai sanyi ya ɗigo mini a wuya. Na ɗaga kai. Baƙar rigar da Yasna za ta saka wajen jana'iza ce, ta wanke ta da safe ta shanya.

Na tashi na shiga gidana, na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin bencin bayan murhu, na ɗauko nawa kayan binnewar, riga ruwan toka da mayafin da Orfelina ta taya ni saƙawa. Shekara goma sha biyu suna wurin, a bushe. Na kawo na shimfiɗa su a kan teburin kicin ɗinsu. Yasna ta ɗauki mayafin, ta kai shi hancinta, ina jin ba ta ma san ta yi ba.

"Madrina, ƙauri yake yi. Mutanen otal za su zo gaisuwa."

"Su zo su sansana," na ce. "A cikin wannan ƙaurin aka goye ki, a saman murhun nan aka busar da tsummanki. Uwarki ba za ta shiga kabari da warin danshi ba. Kin kwantar da ita a cikinsa wata uku, ya isa."

Ta ajiye mayafin. Ni na yi wa Orfelina sutura da hannuna.

A kicin aka ajiye akwatin gawar, kusa da murhu, don ba wani wuri a gidan da zai ɗauki mutane. Aka hura wuta sosai saboda baƙi, yini da kwana ba ta mutu ba. Unguwa ta cika gidan, mutanen otal ma suka zo da furanni, suna yaba yadda Yasna ta riƙe uwarta a gida har ƙarshe ba ta kai ta gidan tsofaffi ba. Ƙofar ɗakin baya tana rufe, ba wanda ya tambayi abin da ke ciki. Takardar asibiti ta ce ciwon huhu ne, fadan coci ya ce lokaci ne ya yi, maƙwabta suka ce sanyin bana ya kwashe tsofaffi da yawa. Duk gaskiya ne, kuma duk a cikin irin wannan gaskiyar ake ɓoye abin da aka yi. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta abinci, ba wanda ya zage ta ko sau ɗaya. Igiya huɗu ce kawai da ƙofa, da 'ya mai hujja, da suruki wanda ba ruwansa, da aminiyar da ta ba da shaida saboda an kawo mata milkao da hawaye.

Aka yi addu'ar kwana tara aka watse. Satumba ta zo, ruwa bai ɗauke ba, ban kuma ga an shigo da wani inji gidan ba. Wata Asabar da safe na ga Nibaldo ya fito da gadon Orfelina ya jingine shi a bayan gida. Jim kaɗan na ji guduma ta bango. Na ajiye abin da nake yi na ƙirga ƙusoshin, huɗu ne. An ƙara igiya biyu a inda gadon yake.